Ɗorawar da Ja'afaru Ya Tsayar

Duk wanda ya ce maka da natsuwa aka haifi Ja'afaru Mai Fenti, ka ce masa Ɗan'auta direba ya ce ba haka ba ne. Shekara goma sha takwas ke nan ina jan motarsa, na san shi tun yana da rawar kai. Yanzu ne ake cewa in kana son a sare maka itace babu rigima, ka nemi Ja'afaru na Kwarin Tsamiya. A da kuwa, in ya tayar da injin zarto, ko sallama ba ya ji.

Ɗan masassaƙi ne. Ubansa turmi da taɓarya yake sassaƙawa, shi kuma ya tashi da gatari a kafaɗa. Da ya girma ya ga gatari na ɓata masa lokaci, sai ya sayi inji, ya samo tsohuwar motar ɗaukar kaya ƙirar kanta, ya ɗauke ni tuƙi, ya ɗauki Reuben ɗan Bawa na unguwar gabas da mu yana riƙe masa inji. Muka shiga kwangilar sare itace. Na katako mu tsaga, sauran mu kai wa gidajen burodi a Bacirawa da Rijiyar Zaki.

Mu nan ba mu da daji. Daga Bici har ka shiga Ungogo gona ce ta kama gona, dajinmu shi ne itatuwan da ke tsaye a cikin gonakin, kuma kowacce da mai ita. Wani lokacin ma mai gona daban, mai bishiya daban. Uba zai iya barin gona ga ɗansa, ya ce tsamiyar da ke ciki ta 'yarsa ce. Kowa a ƙauye ya san wannan, mu ma mun sani, sauri ne ya mantar da mu.

Wata rana da rani wani Kamaruddeen, wanda ya gaji gonar ubansa amma yana zaune a Bacirawa, ya zo ya ce ya sayar mana da wata ɗorawa da ke gefen gonarsa. Ƙatuwa ce, mutum biyu ba sa rungume ta, ga ta ta yi fure jajawur. Ja'afaru bai tambayi kowa ba. Da hantsi muka isa, kafin azahar tana ƙasa. Faɗuwarta har cikin gari aka ji.

Muna tsaka da datse rassa sai ga wata dattijuwa tafe da sauri, mayafi a hannu, ko takalmi babu. Inna Furera ce mai daddawa, ƙanwar uban Kamaruddeen. Ta tsaya ta dubi kututturen, ta dubi furannin da suka watse a kan kunya. Ashe tata ce. Ubansu ne ya ba ta a gaban shaidu tun kafin ya rasu, da kalwarta take yin daddawar da take kai wa kasuwar Bici, da ita ta raini 'ya'yanta bayan mutuwar mijinta.

Na ɗauka za ta yi kururuwa ko ta yi mana Allah ya isa. Wallahi da hakan ta yi da ya fi mana sauƙi. Ja'afaru ya kashe inji, ya durƙusa, ya ce, "Inna, ban sani ba. Faɗi abin da zan biya."

Ta ce, "Ni na ce maka sayarwa nake? Tsayar mini da ita."

"Inna, ai ta riga ta..."

"Kai ka kayar, kai za ka tsayar. Ranar da ta tsaya ka zo mu gaisa."

Ta juya ta tafi. Dagaci ya shiga maganar, limami ya shiga, Kamaruddeen ya sha zagi a wurin dangi har ya daina zuwa garin. Inna Furera ta ce ba ta karɓar komai. Kuma daga ranar, in Ja'afaru ya yi mata sallama tana amsawa, don ta ce wannan ta Allah ce. Amma da ya ce, "Inna, ina kwana?" sai ta kau da kai tamkar iska ce ta wuce. Ga shi hanyar gidansa ta ƙofar gidanta ta bi, kullum da safe sai ya gan ta a zaure tana tsince kalwar da yanzu saye take a hannun wasu.

Abin ya ci shi. Na gan shi ya rame, tuwo ma sai matarsa ta yi da gaske yake ci. Ni da nake da zafin kai na ce masa, "Haba Maigida, ka ba da haƙuri, ka ce za ka biya, an ƙi. Me kuma ya rage? Ka bi ta bayan gari mana, sai dole ta ƙofarta?" Ya ce a'a, ta nan zai riƙa bi, kuma kullum sai ya gaishe ta.

Da damina ta sauka ya samo dashen ɗorawa, ya je wurin dagaci aka rubuta takarda cewa abin da aka dasa a gurbin tsohuwar na Inna Furera ne, Kamaruddeen ya sa hannu. Ya dasa. Awaki suka cinye. Shekara ta kewayo ya sake dasawa, ya kewaye da ƙaya, rani ya zo ta bushe. Ta ukun ce ya yanka tsohuwar ganga ya kifa mata, ya ɗora ƙaya a kai, sannan ya ɗora mini aikin da ban nema ba. Duk inda za mu, sai na ratse da jarka biyu na ruwa. Ni direban babbar mota, na koma mai shayar da tsiro. Na yi mita har na gaji, ko a jikinsa.

Daga nan ne aikinmu ya canza, kuma ban ɓoye ba, da farko haushi ya riƙa ba ni. Ja'afaru ya sayi gwangwanin fenti biyu, ja da fari. In aka kira mu aiki, ba inji muke ɗauka ranar farko ba. Sai ya zaga da ƙafa, ya tambayi mai gona, ya tambayi maƙwabta ta wace ce wannan, ta wane ne waccan, ya shiga har wurin tsofaffin mata, don ya ce su ne ba sa manta wanda aka ba bishiya. Wadda za a sare ya shafa mata ja daidai ƙirjin mutum. Wadda ba za a taɓa ba ya shafa mata fari. Sannan a jira sai Juma'a ta wuce, don duk mai wucewa masallaci ko kasuwa ya gani, mai magana ya yi magana. Kafin nan ya je sakatariya ya karɓo takardar izini a wurin malamin daji.

Kai jama'a! Aikin yini ɗaya ya koma na mako guda. Abokan sana'a suka sa masa Mai Fenti don tsokana, suna cewa ko dai aikin fentin ɗaki ya koma. Wasu ayyukan suka kuɓuce mana, don mai sauri ba ya jiran Juma'a. Na ce masa za mu mutu da yunwa muna jiran Juma'a. Ya ce ba a taɓa tsayar da wadda ta faɗi ba, shi ya gwada, ga shi yana kan gwadawa.

Bai tsaya nan ba. Ya ce ba ma sara da damina, don kada mu tattake wa mutane shuka da tayar mota. Mai 'ya'ya irin su ɗorawa, kanya da tsamiya ba ya taɓawa sai in ta bushe ko tana shirin faɗa wa gida. Kafin a kayar sai an ɗaura igiya, an yi mata baki ta wajen da ake so ta faɗi, an kori kowa ya yi nisa. In mun gama, mu kwashe rassa tas, mu gyara shingen da muka ɓalla. Kowace ɗaya da muka kayar sai ya bar wa mai gona dashe uku, ya kuma dawo bayan wata biyu ya ga ko sun kama. Ya saya mana hular kwano da takalma masu ƙarfe a baki, ya ce wanda bai sa ba ya koma gida. Cikin zafin bazara fa! Ni dai na riƙa rataye tawa a madubin mota, sai ranar da wani busasshen reshen darbejiya ya sauko a kan Reuben, hular ta dare biyu, shi ya tashi yana kakkaɓe riga. Tun daga ranar ba a sake roƙo na in sa ba.

A hankali magana ta juya. Mutane suka lura duk inda Ja'afaru ya yi aiki ba a zuwa gaban dagaci. Makarantu suka fara kiran sa, masu gina masallaci suka fara kiran sa. Masu injin da ke yi masa dariya, bayan ɗaya ya kayar da giginya a kan rumbun wani, ɗaya kuma ya kwana biyu a tsare kan kukar da ba ta mai sayarwar ba ce, su da kansu suka zo suka ce a yi ƙungiya. Aka zauna a ƙofar gidansa, mutum goma sha ɗaya, aka yi alkawari biyu kacal: ja sai ya ga Juma'a, fari kuma babu mai ɗora masa sarƙar inji ko wa ya shafa. Reuben ma, bayan shekara tara tare da mu, ya ce yana son cin gashin kansa. Ja'afaru ya ba shi tsohon injinmu, ya haɗa masa da gwangwanin fenti biyu.

Duk wannan fa, Inna Furera ba ta amsa gaisuwa ba. Shekara biyar, shekara goma. Ɗorawar ta wuce ganga, ta wuce tsayin mutum, ta fara inuwa, amma ɗorawa ba ta da gaggawa. Aka gaya wa Inna ta girma, ta ce ita ba inuwa aka kayar mata ba. Bayanta ya duƙa, idonta ya fara hazo, 'yarta Aina'u ta dawo gidan tana kula da ita. In an yi sanarwar rasuwa a lasifikar masallaci, sai in ga Ja'afaru ya tsaya cak har sai ya ji sunan. Tsoronsa ɗaya ne, kada ta tafi ba ta amsa ba. Bara waccan, bishiyar ta yi fure kaɗan, muka yi ta murna, iska ta zubar da shi duka.

Bara ta sake yin fure, wannan karon da yawa, har ya fara ɗaure 'ya'ya. A daidai lokacin ne Kamaruddeen ya sayar da gonar. Wani Alhaji Abdulkabir daga birni ya haɗa ta da gonaki uku na kusa zai yi gidan kaji, kuma da ya tambayi wanda ya fi iya share fili, aka ce Ja'afaru. Muka je. Ja'afaru ya zaga kamar kullum, ya shafa wa itatuwan darbejiya da na turare ja, ya zo kan ɗorawar da ya dasa da hannunsa ya shafa mata fari, ya ƙara shafawa.

Alhaji ya zo bayan Juma'a ya gani, ya ce, "Malam, wannan farin fa?"

Ja'afaru ya ce, "Ranka ya daɗe, wannan ba ta cikin cinikinka. Ta wata tsohuwa ce. Ga takardar dagaci."

Alhaji ko kallon takardar bai yi ba. Ya ce shi ƙasa ya saya da duk abin da ke kanta, kuma daidai nan katangarsa za ta bi. Ja'afaru ya ce zai sare masa sauran yau ɗin nan, amma wannan ba zai taɓa ba. Alhaji ya ce to ya kwashe kayansa, masu inji ba su ƙare a duniya ba. Aiki mafi girma da muka samu a shekarar, muna ji muna gani ya tafi. Wannan karon dai bakina ɗaya da Maigida. Ruwan da na zuba wa bishiyar nan ya isa a yi ginin ɗaki da shi.

Ja'afaru ya je gidan dagaci, aka ce ya tafi ta'aziyya sai gobe. Ya kira malamin daji, wayar ba ta shiga. Washegari da sassafe muna zuba wa mota ruwa sai muka jiyo kukan inji daga wajen gonar. Ja'afaru ya dube ni. Ban san lokacin da na tayar da motar ba. Na bi ta burtali, na tsallake kwalbati, na kusa take wa wani tumaki, mai tumakin yana zagina ina ba shi haƙuri ta taga. Muna cikin tafiya muka ji faɗuwar bishiya, ƙasa ta amsa. Ja'afaru ya ce, "Innalillahi," ya rufe ido.

Da muka ɓullo, darbejiya ce a kwance. Ɗorawar na nan tsaye da farin fentinta. Mai riƙe da inji ya cire hular kwano, sai ga Reuben. Alhaji na gefe yana ta faɗa, babbar rigarsa na saɓulewa daga kafaɗa.

Reuben ya ce, "Maigida, barka da asuba. Ja na tarar, kuma an ce ya ga Juma'a, shi ya sa na fara. Na gaya wa Alhaji farar ba zan taɓa ba."

Alhaji ya ce, "Kai ma? To zan kira wani!"

Reuben ya ce, "Ranka ya daɗe, kira duk wanda ka ga dama daga nan har Bici. In ya ga farin nan zai juya."

Ya kuwa kira. A gabanmu ya kira mutum biyu, kowanne ya tambaye shi wane launi ne a jikinta, da ya ce fari sai su ce Alhaji ka yi haƙuri. Na juya baya don kada ya ga ina dariya. Amma na san in ya so zai iya ɗauko baƙi daga birni waɗanda ba su san ja ba balle fari.

Kafin azahar dagaci ya dawo, ya zo gonar da kansa. Ya karanta takardar a fili, ya ba Alhaji labarin tun daga farko. Sannan ya ce masa, "Alhaji, kajinka a cikinmu za su zauna, mu ne masu gadinsu na gaskiya. Ban ga amfanin ka fara zama da mu da hawayen tsohuwa ba." Alhaji ya zaga bishiyar, ya ɗaga kai ya dubi 'ya'yan da suka fara reto. Ya ce bai taɓa ganin mutane masu taurin kai irinmu ba. Ya kira mai gina masa katangar ya ce a janye igiyar awo.

In ka bi hanyar yau za ka ga katangar gidan kajin ta tafi sambal, sai a wuri ɗaya ta yi gwiwa ta shiga ciki, ta bar bishiya a waje da 'yar hanyar ƙafa. Aikin kuwa bai dawo mana ba, Reuben ne ya ƙarasa. Na ɗan ji zafi, ba zan yi ƙarya ba. Ja'afaru ya ce ai duk gida ne.

Da bazara 'ya'yan suka nuna, suka yi baƙi-baƙi suna kaɗawa. Ja'afaru ya kasa zuwa da kansa, sai ya aike ni wurin Aina'u. Na yi zaton tsohuwar za ta ƙi. Sai na ji muryarta daga ɗaki tana cewa a ɗauko mata mayafinta mai kyau. Ni da Aina'u muka ɗaga ta muka sa a gaban mota, ba ta fi nauyin damin gero ba. Duk tsawon hanya tana yi mini faɗa wai ina gudu, alhali ko mai jaki ya wuce mu.

Ja'afaru na tsaye a gindin bishiyar da doguwar gora mai ƙugiya. Ya yi sallama, ta amsa. Aka shimfiɗa mata tabarma amma ta ce a kai ta jikin itacen tukuna. Ta shafa ɓawon da tafin hannu, ta shafa wurin fentin, ta gwada rungumewa, hannunta ya kusa haɗuwa. Ja'afaru ya jawo reshe ɗaya da ƙugiyar ya tsinko ɗan ɗorawa, ya durƙusa ya sa mata a hannu. Ta ɓare, ta lakaci garin ta kai baki, ta mamula, ta tofo kalwar a tafinta, ta murza ta da yatsa.

Ta ce, "Tawa ta fi ta kauri."

Ni dai na ce a raina shi ke nan, sai kuma wata shekara goma sha biyar.

Ta ƙulle kalwar a gefen mayafi, ta ce, "Amma ta tsaya."

Ja'afaru yana durƙushe, ga gemunsa ya fara furfura. Ya ce, "Inna, ina wuni?"

Ta laluba ta dafa kansa. Ni Ɗan'auta, da jikoki biyu, na tsaya jikin mota ina kuka wiwi, kuma ban ji kunyar kowa ba.

Ta ce, "Lafiya lau, Ja'afaru. Ina gajiya?"